Wutar Jidda da Wutar Takieta

Warin na fara ji, irin na roba in ta faɗa garwashi. Ina durƙushe bayan kwamfutar a ɗakin Kawu Mamman a Takieta, cikina wata shida ya tokare mini gwiwa. Har yau in aka ƙona leda a unguwa sai ranar ta dawo mini. Amma bari in faro daga tushe.

Damagaram zuwa Kano

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ce, fara kuma ta cinye abin da ya rage. Mijina Lawali ya tafi Jidda neman aiki. Maigidansa ya ba shi tsohuwar kwamfuta, shi kuma ya aiko ta hannun wani ɗan umra mai sauka Kano. Na koyi buga takardu bayan na bar lise, wato sakandare, da ita zan riƙa yi wa mutane aiki mu samu na tuwo. Mazan gidanmu duk sun tafi cin rani, dole ni zan ɗauko.

Bayan asuba muka tashi daga tasha. Har Matamaye ban ga gona mai kara ba, sai mata a bakin hanya suna tsinkar 'ya'yan anza, abincin yunwa, da mushen shanu. A Kano na kwana gidan ƙawar innata, na karɓi kwalin, na kira Lawali.

"Ki kula," in ji shi. "An ce wutar nan Jidda sittin take bugawa, tamu ta gida hamsin."

Na duba bayan akwatin ƙarfen, na ga an rubuta 50/60. Na ce masa duka biyun tana ci. Hankalina ya kwanta.

Kano zuwa Takieta

A iyaka wani ɗan duwan, wato kwastan, ya buɗe kwalin, ya dubi cikina.

"Madam, mutane na ɗauko masara, ke kin ɗauko talabijin?"

Ya yi dariya ya sake mu. Motar da na shiga Maradi za ta, sai ta sauke ni a mararrabar Takieta da magariba, na nufi gidan Kawu Mamman in kwana. Matar Kawu ta dafa tafasa da ɗan gari. Na ga idon 'ya'yanta a kan kwanon, na ce na ƙoshi a hanya.

Takieta

Da hantsi Kawu ya ce sai ya ga abin da surukinsa ya aiko. Kan wayar mai faɗi ne, ramin bangon kuma zagaye. Kawu ya ce wannan ba komai ba ne, haka yake yi wa rediyonsa. Ya yanke kan da reza, ya fere wayoyin, ya cusa su ya danne da tsinken ashana.

Sai warin, sai ƙara kamar an fasa kwalba. Hayaƙi ya taso. Na kai hannu in fizge wayar, wani abu ya sare ni daga yatsu har haƙora, ya jefar da ni jikin gado.

Da na dawo hayyacina Kawu na ta salati. A bayan akwatin, kusa da inda ya yi baƙi, na hangi wani ɗan jan maɓalli, an tura shi kan 115. Tamu wutar 220 ce, mun yi shi a lise. Ina ta duban hamsin da sittin, shi ban gan shi ba.

Na dafa cikina. Yaron da ke hana ni zama da shuri ya yi tsit.

A ƙaramin asibitin garin, ta tsakanin uwaye da yara masu kumburin ƙafa muka ratsa. Aka naɗe mini yatsu, aka ce maganar cikin sai Damagaram.

Takieta zuwa Damagaram

Babbar motar buhuna muka samu. Kawu ya riƙe ƙofa yana roƙo.

"Don Allah direba, 'yata ce, wutar kuran ta ja ta."

Aka sa ni gaba, Kawu ya hau baya. Kilomita hamsin ne, amma a kowane shinge sai an tsaya, mata sun kewaye motar suna leƙen buhuna. Duk ramin da muka faɗa sai in riƙe numfashi, ko zai motsa. Shiru. Ina ta tunanin abin da zan gaya wa Lawali.

Damagaram

Ungozomar dattijuwa ce mai tabarau. Ta kwantar da ni, ta kafa ƙahon katako na sauraron jariri a cikina, ta matsar da shi nan, ta matsar can. Sai ta ɗago.

"Yaushe rabonki da abinci?"

"Tun Kano."

"Ke kam! Wuta ta ja shi, yunwa ta ja shi, kina so ya yi miki rawa?"

Ta sa aka dama mini ruwan sukari na shanye. Muka jira. Ta sake kafa ƙahon, ta daɗe, idonta a rufe. Ana kiran la'asar na ji motsinsa, ƙarami, can ƙasan haƙarƙari. Ta janye kai tana shafa kunne.

"Ja'iri, ni ya shura. Tashi, 'yata. Ke da shi lafiya lau."

Na gode wa Allah, na gode mata, na gode wa direban da ban tambayi sunansa ba. A ƙofa Kawu na zaune a ƙasa, hularsa a hannu. Da na gaya masa sai ya rufe fuska da ita.