Sarkin Ruwan Kwarin Jibo da Kifin Gwamnati

Tun daga Cadakori har Sae Sabuwa ba a taɓa yin masunci kamar Jaye ba. Wannan magana ba ta da abokin gardama, domin a duk faɗin ƙasar shi kaɗai ke sana'ar. Shi ne Sarkin Ruwan Kwarin Jibo, gadon uba da kaka. Ruwan da yake sarauta a kansa kuwa tabki ne guda a gabas da gari, mai cika da damina, ya fara ja da baya da kaka, kafin tsakiyar rani ya zama fili inda jakuna ke birgima.

Jaye ba ya su sai ruwa ya tafi. Idan rani ya yi rani, sai ya saɓi dagi ya bi tsakiyar tabkin yana duban ƙasa. Gaiwa, kifin nan mai dogon jiki, in ta ga ruwa zai ƙafe nutsewa take cikin laka, ta naɗe, ta kwanta tana cin jikinta har damina ta komo. Inda Jaye ya ga ɗan hujin da take shan iska, nan zai haƙa ya fito da ita kamar mai tonon rogo. Matarsa Barira ta yi bandarta, ta kai kasuwa. Akwai masu cewa gaiwa ba ta cika kifi ba, ba ta kuma kai maciji ba. Liman na cikin masu wannan ra'ayi, shi ya sa nasa kason a rufe ake kai masa.

Abu ɗaya Barira ta sani wanda gari bai sani ba: Jaye tsoron ruwa yake. Da zarar ruwa ya wuce masa idon sawu, sai ya ja da baya. Ba wanda ya taɓa lura, don babu abin da zai kai babban mutum cikin tabkin sai kwaɗi.

Daminar da ƙasa ta samu mulkin kai, sai ga kamiyo, babbar motar kaya, daga Maraɗi ɗauke da tano, wato gangar ƙarfe, cike da ruwa. Wani saurayi ma'aikacin ruwa da daji, Mushe Alhassan, wato Malam Alhassan a Faransanci, ya sauko ya tara jama'a. Ya ce zamanin Nasara ya wuce, daga yau kowane ɗan ƙasa zai ci kifi. Aka juye tano a tabki, 'ya'yan karfasa ƙanana kamar ganyen tsamiya suka watsu. Ya ce karfasa na saurin girma, amma lalle a kwashe ta kafin ruwa ya ƙafe, zai kuma dawo ya ga abin da aka samu.

Nan mai gari Haladu ya tuna wata al'ada da ya ji a bakin kakarsa. Ranar buɗe ruwa, Sarkin Ruwa ne ke fara shiga har iya ƙirji, ya gai da ruwan, sannan jama'a su biyo. In ya kasa, sarautar ta wanda ya shiga ce. Kowa ya yaba wa tsofaffin da. Jaye ma ya yaba, amma a baki kawai.

Yana da taubashi, Bakari, wanda ya taɓa cin rani wajen masunta a ƙetaren iyaka ya komo da birgi, ragar nan da ake jefawa ta buɗe kamar faifai. Washegari Bakari ya rataye ta a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani.

"Sarki, ka dai san ba a shiga ruwa da dagi ko?" in ji Bakari da Jaye ya zo wucewa.

"Kai da ka tahi cin rani ka komo da tsumma duk huji, kai za ka koya mini su?"

Da kaka ta yi, karfasa ta kai tafin hannu, ana ganin walƙiyarta daga bakin gaɓa. Mata suka fara tanadin yaji. Wata rana da jama'a ke gona wajen yankan gero, Jaye ya saci jiki ya je ya gwada shiga tabkin. Ya kai iya ƙwauri, laka ta riƙe masa ƙafa, ya fito da rarrafe yana salati. A hanyar gida ne ilimi ya sauko masa: kifi dai kifi ne, kuma baƙon da ya sauka a gari ai al'adar garin yake bi.

Ya kai wa dattawa maganar. Ya ce gaggawar me ake yi? A bar ruwa ya ƙafe, karfasa za ta nutse ƙasa kamar gaiwa, ta zama rumbun da ɓera ba ya shiga, ɓarawo ba ya fasawa. Mai son miya sai ya yi magana a tono masa. Da aka tuna masa gargaɗin Mushe, ya ce yaron a lakol, makarantar Nasara, ya yi karatu, littattafan kuma na mutanen da ruwansu ba ya ƙafewa ne. Bakari ya rantse bai taɓa ganin karfasa ta haƙa rami ba. Jaye ya tambaye shi ko ya taɓa zama ya jira ya gani. Bai taɓa ba. Rumbu a ƙarƙashin ƙasa ya yi wa dattawa daɗi, mai gari ya hana taɓa ruwa.

Tabki ya yi ta tsukewa. Zalɓe ya zo, balbela ta kira danginta, shirwa ta tare a kan gawon bakin tabki ta yi ƙiba. Da ruwa ya koma iya idon sawu, Barira ta ce da shi, "Malam, yanzu ko kaza ta iya ratsa shi. Tashi ka buɗe musu." Ya ce namiji ba ya lashe maganar da ya faɗa gaban dattawa. Gaskiyar ita ce, saboda yawan maimaitawa, shi kansa ya fara yarda da ita. Da kifi ya fara juya farin ciki sama, wari ya kai har masallaci, ya bayyana cewa waɗannan ragwayen ne, masu himma sun riga sun sauka.

Mushe Alhassan ya dawo da rani, da sikeli da kwanduna, ya iske fili. Jaye ya sa babbar riga ya ja gaba, gari duka na biye da dagi da fartanya. Aka haƙa tun hantsi har la'asar. Aka samu 'yan gaiwa, aka samu ƙaya mai yawa. Mushe ya share zufa ya tambayi ina karfasa.

"Ta yi nisa, ranka shi daɗe," in ji Jaye. "Kihin gwamnati ne, ba ya tsayawa inda na talakawa ke tsayawa."

Mushe ya maida sikelinsa cikin mota. Kafin ƙurarta ta kwanta, mai gari ya tuɓe Jaye ya naɗa Bakari.

Jaye ya rayu shekaru bayan haka, yana tonon gaiwarsa, kuma har ya bar duniya bai janye maganarsa ba. Cewa yake ba a haƙa da zurfi ba ne. Ya ma halarci buɗe ruwa na daminar da ta biyo, yana zaune nesa a kan tudu. Aka buga ganga, sabon Sarkin Ruwa ya shiga har iya ƙirji, ya gai da ruwa da murya mai kyau, ya jefa birgi ta buɗe ta sauka ba kuskure, mata suka yi guɗa. Ya jawo ta a hankali, cike da kwaɗi. Gwamnati ba ta sake aiko kifi ba.