Daga Gorton Zuwa Ƙofar Aminin Baba

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Gorton, ni da Baba, ana yayyafi. Kundin digirina a kan shugaban Amurka na biyu nake rubuta shi, kuma na daɗe ina son ganin wani lambu a gefen Birmingham, inda ya taɓa yawo da amininsa tun kafin ɗayansu ya hau mulki. Baba ya ce shi zai ja motar, wai tuƙina yana tayar masa da hawan jini.

Babbar hanyar M6 cike take da manyan motoci. Da muka tsaya hutawa, Baba ya ga kofin shayi kusan fam huɗu, sai ya juya salin-alin ya ɗauko filas ɗin Mama.

Lambun yana Halesowen. Tafki ne da tsofaffin bishiyoyi da taɓo, sai dattawa masu yawo da karnuka, kowa ya wuce sai ya yi mana zancen ruwan sama. Muna tafe ina ba Baba labari: yadda siyasa ta shiga tsakanin mutanen biyu, aminin ya kayar da shi a zaɓe, suka yi shekara goma sha biyu ba sa magana, sai da tsufa ya zo suka shirya ta hanyar wasiƙa.

Na san labarin ya taɓa Baba. Yana da amini a unguwar Handsworth da ke Birmingham, tare suka karanta likitanci a Zariya, amma gardamar zaɓen gida ta raba su shekara tara.

"Wa ya fara rubutawa?" ya tambaye ni.

"Wanda ya faɗi zaɓen, Baba. Kuma shi ne mai zafin ran."

Muna shiga mota ya miƙo mini wayarsa. "Sa mana Handsworth a taswira."

Mun ratsa shagunan agada da na yadi, bas-bas na ta tsayar da mu, Baba na ta gyara hula. Da aka buɗe ƙofa sai ga dattijo ya rame, yana dogara sanda.

"Likita, kai ne?"

Bai saki hannun Baba ba har falo. Matarsa ta tuƙa mana tuwon shinkafa da miyar kuka tana share ido da gefen mayafi. Kafin la'asar sun koma gardamar siyasarsu, ana yi ana dariya.

Mun iso gida bayan magariba. Tafiyar ta koya mini cewa shiri ba ya jiran a gano mai gaskiya, mutum ɗaya kawai yake buƙata da zai fara. Baba ko takalmi bai cire ba ya ƙwala wa Mama kira:

"Hajiya, Asabar mai zuwa muna da baƙi!"