Yatsun Birkila

Birkila ake ce masa, duk da cewa tun da ya sauka a wannan baƙuwar ƙasa bai ɗora bulo ko ɗaya a kan wani ba. Shekara ashirin da biyu yana gini a gida kafin ya biyo matarsa, wadda ke da takardar zama ta dindindin, tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti. Shi kuwa takardarsa ta miji ce: ya zauna, ya ci, ya yi barci, amma kada ya taɓa aikin kuɗi sai izininsa ya fito. Wato an ba shi lasisin zaman kashe wando.

Mutumin da ya saba tashi da asuba ba ya iya zuba ido mace tana ciyar da shi yana kallon rufin ɗaki. Sai ya karɓe aikin gidan gaba ɗaya. Shi ne wanke-wanke, shi ne wanki, shi ne goge banɗaki da ruwan nan mai shaƙe maƙogwaro. Ɗaki ɗaya da falo ne a hawa na huɗu, amma yana bin sa lungu-lungu har tayil ya ƙosa da shi. Kunyar ba ta tafi ba, sai dai in matar ta dawo ta tarar da komai fes, yakan iya haɗa ido da ita.

Bayan wata goma sha huɗu aka kira shi ofishin shige da fice a ɗauki zanen yatsunsa, matakin ƙarshe kafin izinin aiki. Ya ɗora yatsa a kan gilashin na'ura, ta nuna ja. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ya sake, ja. Ta juya tafinsa ta duba. Siminti ya cinye rabin zanen tun tuni, sabulu da ruwan zafi sun ƙarasa sauran.

"Baba, ba ka da zane," in ji ta. "Ka dawo bayan kwana talatin. Ka riƙa shafa mai, kada ka taɓa sabulu, kada ka goge komai. In ta sake ƙi, fayil ɗinka zai koma ƙarshen layi."

Ƙarshen layi shekara guda ne, in an yi sa'a.

A hanyarsu ta komawa gida matar ta sayo gwangwanin basilin da safar hannu ta auduga. "Maigida, daga yau kai amarya ne," ta ce, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi ko murmushi bai yi ba.

Kwana talatin ɗin nan sun fi masa wata goma sha huɗun nauyi. Matar takan shigo da yamma bayan awa goma a tsaye gaban injin guga, ta ajiye jaka, ta wuce kicin ba tare da ta cire takalmi ba. Yana zaune a kujera, hannuwa a cinya cikin farar safa, yana jin ƙarar kwanuka. Rannan ya miƙe zai ɗauke mata bokiti, ta buge hannunsa da bayan cokali.

"Don Allah zauna. Ni ba ni da ƙarfin wata shekarar."

Ya zauna. Ya san ba faɗa take yi ba, gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta yi masa ciwo. A lokacin ya lura bayan hannunta duk ya tsattsage, basilin ɗin kuwa ba ta taɓa lakata ba, wai kada ya ƙare masa.

Ranar da suka koma, na'ura ta nuna kore sau goma a jere. Ma'aikaciyar ta ji daɗi da gaske. "Ka gani, Baba? Hannu luf-luf, kamar na wanda bai taɓa aiki ba." Yabo take yi. Ya ce ya gode.

Ta miƙo musu takarda. Matar ta karanta a tsaye a bakin ƙofa, shi kuma ya riga ya fara lissafin abin da zai fara wankewa. Suna isa gida ya naɗe hannun riga, ya nufi kwanukan safe. Ta sha gabansa, takardar na hannunta.

"Sun ce amsa sai nan da wata takwas. Kuma sun ce ana iya sake kiranka a ɗauki yatsun, kowace rana, ba sanarwa mai tsawo."

"Uwargida, kofi biyu ne kawai."

"Na sani," ta ce. Muryarta ta mutu murus don gajiya.

Ta ɗauko safar daga kan firji ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallon kofunan. Sannan ya sa safar, ya matsa gefe ya ba ta wuri, ta kunna famfo.