Hannun da Na Ɗaga wa Baffa

A shekarun da wannan abu ya faru, tun muna cikin jihar Kaduna, naira ba ta daɗe da korar fam da sule ba, ni ne mutum mafi zurfin boko a ƙauyenmu da ke ƙasar Gozaki. Kada mai karatu ya tsorata da jin haka. Aji huɗu na yi a elemantare, sai rabin na biyar, wanda na bar wa hedimasta ajiya, har yau ban koma na karɓa ba. Amma ina iya rubuta sunana ba tare da na ciji harshe ba, ina da biro biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu, don haka aka ɗauke ni mai taimaka wa malamin gona. Aikina raba irin auduga da taki, da nuna wa mutanen da suka fi ni sanin noma yadda ake noma. Aka ba ni babur. Duk ƙauyukan da ke kewaye da mu babu wani sai nawa. Wanda ya kai ni makarantar nan kuwa baffana ne, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya, ya haɗa ni ɗaki ɗaya da ɗansa na cikinsa. Ni ya tura boko, ɗan nasa ya miƙa wa fartanya. Ya ce gida ɗaya ba ya buƙatar akawu biyu.

Yaran yanzu ba za su gane abin da babur yake nufi a ƙauye a wancan zamani ba. Mota sai ranar kasuwa take shigo mana, ita ma in ruwa bai ci hanya ba. Saboda haka mai babur shi ne gidan waya, shi ne motar asibiti, shi ne jakin kowa. Al'ada ce da ba a rubuta ba: in ka ji an kira ka daga gona ko ƙofar gida, sai ka tsaya. Ba a wuce kira. Kafin in fita daga gari sai an tsayar da ni sau nawa, wannan a sayo masa goro a Funtua, wannan a kai wa 'yarsa daddawa a Tsiga, wata tsohuwa a gaya wa ɗanta akuyarsa ta haihu. Da farko ina jin daɗi, ina ganin sarauta ce. Daga baya na fara jin ana raina wa ma'aikacin gwamnati hankali. Wanda ya fi kowa tsayar da ni kuwa baffa ne, don gonarsa tana bakin hanya. Ba ya aiken abin kirki, daga allura sai taba gari sai a gaida masa wane.

Ana nan sai aka matsa wa masu babur da dokar hular kwano. Na sayi tawa, fara ƙal, mutanen gari suka ce na kifa tukunya a ka. A cikin hular nan na lura da wani abu: kira yana raguwa. Sai Shaiɗan, wanda a lokacin muke zama benci ɗaya da shi, ya raɗa mini cewa ai ana iya ƙarasa aikin.

Akwai wani mai gyaran rediyo a bayan tashar Funtua, Kirista ne, iyayensa 'yan kudu, amma a garin aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗin ji. Na kai masa hular da 'yar rediyona mai batir, na ce ina son ya sa mini rediyon a cikin hula, in riƙa jin labarun duniya ina tafe, kamar matuƙin jirgin sama. Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tambaye ni ko jirgin nawa yana sauka a Gozaki. Amma mutum ne mai son gwada abu. Ya ciro ƙananan sifika daga matattun rediyoyi, ya farke soson hular ya cusa, ya zaro waya ta bi wuyan riga zuwa jakar da nake ratayawa a ƙirji. Injin babur ya riƙa sa rediyon ƙara kamar ana suyar ƙosai, ya yi ta dabara har ya rage. Sai dai sifika ɗaya ya sa, a kunnen hagu. Na ce ina ta dama? Ya ce, Malam akawu, kunnen dama na hanya ne, a bar wa hanya abinta. Na ce masa ni na zo gyara ne, ban zo wa'azi ba, in wa'azi nake so na san inda masallaci yake. Ya ɗaga kafaɗa ya sa ta biyu.

Daga ranar na zama kurman gwamnati. Sunan da ɗan baffana ya laƙa mini ke nan, ya kuwa bi ni. In an kira ni, sai in ɗaga hannu ɗaya kamar gwamna yana duba fareti, in ƙara wuta. In an tare ni da yamma ana ƙorafi, sai in buga hular da yatsa in ce ban ji ba, rediyo ce. Mutane suka yi ta mamakin abin, wasu har suna roƙon in kifa musu su ji. Gaskiyar magana, rabin lokaci batir ya mutu, babu abin da nake ji sai numfashina. Amma uzuri ba ya cin batir.

To, a lokacin ana yayin katin gaishe-gaishe. Mutum ya sayi kati, ya rubuta sunansa da na waɗanda yake gaisarwa, ya aika gidan rediyo, ya zauna yana jira makonni a karanta. Ni ma na aika. Na jera sunaye, na sa baffa a kan gaba, da yabo mai tsawo, don in an karanta duk ƙasar Hausa ta san ni ɗa ne mai biyayya.

Ranar wata Talata ce, lokacin girbin dawa, da hantsi. Na fito zan kai takardu ofis a Funtua, shirin gaishe-gaishen yana tafiya a kunnuwana biyu. Ina zuwa daidai gonar baffa sai na ji mai gabatarwa ya kama sunana. Nawa, da sunan ƙauyenmu. A daidai wannan lokaci na hango baffa ya fito daga cikin karan dawa. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba tsawon shekarun nan: na gan shi sarai. Gudu yake yi. Mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko ruwa ya taso, gudu yake yi, ba hula a kansa, tana hannunsa yana kaɗa ta, bakinsa a buɗe. Zuciyata ta ce mini wannan ba aiken taba gari ba ne. Wata zuciyar ta ce in ka tsaya ka cire hula, sunayen sun wuce, kuma ba a maimaitawa. Na ɗaga masa hannu. Na wuce. A madubi na ga ya bi ni 'yan taku, sannan ya tsaya a tsakiyar hanya, hannuwansa a sake. A kunnena kuwa ana cewa ina gaida baffana abin alfaharina, Allah ya ja kwanansa.

Sai bayan la'asar na dawo, da goro a ƙunshe wanda ba a aike ni ba, don in wanke kaina. Na tarar gidan ba maza. Matar baffa ce ta gaya mini. Ɗan'uwana ya sa hannu zai ɗaga tarin kara, ƙafarsa ta taka kasa, macijiyar nan mai mugun dafi, ta sare shi a ƙauri. Baffa ya ɗaure ƙafar da igiya tamau, ya ji ƙarar babur ɗina, ya fito da gudu. Da na wuce, sai aka nemo amalanken shanu. Shanu kuwa ba su san gaggawa ba. Da su aka ja shi har bakin babbar hanya, aka zauna jiran mota, ba su isa asibitin Malumfashi ba sai da rana ta yi sanyi. Tafiyar da babur ɗina zai yi kafin a gama shan fura.

Ya rayu, amma ƙafar ba ta rayu ba. Tsakanin dafi da ɗaurin da ya wuni a jiki, ta riga ta mutu, aka yanke ta daga gwiwa. Ma'aikacin da ke duba shi ya ce da an kawo shi da wuri, da wata magana ake yi. A gabana ya faɗa, bai san ko ni wane ne ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban ma sha wahalar yin ƙarya ba. Kafin in isa asibitin, jama'a sun riga sun yi mini ita. Kowa cewa yake ai bai ji ba, wannan shegiyar hula ce. Na sunkuyar da kai na karɓa. Ɗan'uwana da kansa, yana kwance fuska ta zabge, ya kama hannuna ya ce kada in sa wa raina komai, kurma ba ya da laifi, sai dai daga yau in zan wuce gona in riƙa cire tukunyar. Har dariya ya yi. Baffa yana zaune a ƙasa gefen gadon. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya dube ni, ya ɗaga hannu ɗaya, daidai yadda na ɗaga masa. Wanda bai gani ba ba ya ɗaga hannu. Ni da shi kaɗai muka san wannan.

Na koma wurin mai gyaran rediyo da hular, ina huci, ina neman wanda zan ɗora wa. Na ce aikinsa ya jawo an yanke wa mutum ƙafa. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi yadda abin ya faru, ni kuma garin bayani na ce baffa ya fito yana kaɗa hula. Sai ya ajiye sukudireba ya ce, Malam akawu, a kunne na sa maka sifika, ban sa maka a ido ba. Ya zare wayoyinsa ya miƙo mini hulata. Ban sake bi ta layinsa ba, ba don ya yi mini laifi ba.

Baffa bai taɓa tona ni ba. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa ɗansa ba. Da na yi aure shi ya karɓa mini, da aka yi mini haihuwa shi ya raɗa suna. Amma daga ranar bai ƙara aike na ba, ko na allura, kuma bai ƙara amsa gaisuwata da baki ba. Kowace safiya in durƙusa a zaurensa, ya amsa wa na dama da ni, ya amsa wa na hagu, in an zo kaina ya ɗaga hannu. Mutane suka ɗauka wasa ne tsakanin ɗa da uba. Ni kuwa na mayar da babur ɗina motar kowa, ina tsayawa ko tari aka yi a bakin hanya. Na ɗauki masu naƙuda, na ɗauki buhunan da ba nawa ba, na kai ɗan'uwana Funtua ya koyi ɗinki da keken hannu. Baffa yana gani. Ba dako yake jira ba, kalma ɗaya yake jira, in ce na gan ka. Ni kuma mai biro biyu, kullum sai in ce gobe.

Shekara goma sha wani abu muna haka. Tsufa ya kama shi, kunnensa ya fara nauyi, har ya toshe gaba ɗaya. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na samu wata rana da azahar ɗakin ba kowa, na durƙusa na kai bakina kunnensa na ce, Baffa, ran nan na gan ka, ka yafe mini. Bai motsa ba. Na ɗaga murya na sake faɗa. Na koma kunnen dama, wanda aka ce na hanya ne, na faɗa har muryata ta shaƙe. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallon bakina. Sannan ya ɗaga hannu ɗaya, a hankali, ya mayar. Kwana biyu bayan haka ya rasu. Har yau da nake rubuta wannan ban sani ba, hannun yafiya ne, ko wanda ya saba ɗaga mini ne. Na tambayi malamai, sun ce in kyautata zato. Su ba su ga hannun ba.

Ɗan'uwana shi ma ya riga ni tafiya, yana kira na kurman gwamnati har ƙarshe, da ƙauna yake faɗa. Shi ma ban gaya masa ba. Ga shi yau ina gaya wa mujalla, wadda ba ta rasa ƙafa ba. Jarumtaka ke nan irin ta masu rabin aji biyar.

Yanzu ina zaune a ƙofar gida ina kallon jikokinmu suna wucewa a kan babura, kowa da ɗan farin abu a kunne kamar ƙwayar gujiya, suna magana su kaɗai. An ce har hula ake sayarwa da abin a ciki, ba sai an farke soso ba. Madalla, ashe ni na riga zamani, ba a dai ba ni lambar yabo ba. Ba zan ce ku jefar ba, na san ba za ku ji ba, da ma ba ji kuke yi ba. Abu biyu kawai na koya, kuma da tsada. Ku bar wa hanya kunne ɗaya, kuma in kun ga babba yana gudu, ku taka birki, ko sunanku ake karanta wa duniya. Na biyu ya fi nauyi: in akwai wanda kuke ɓoye wa wata kalma, ku kai masa ita tun kunnensa yana aiki. Ni na kai tawa, na tarar an rufe.