Neman Jirgin Ƙanena a Ƙasan Zobe

Matar ƙanena ce ta kira ni a waya, ina zaune a ƙofar gida a Kurfi, ko kokon safe ban gama sha ba. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinta ba ne.

"Yaya, jirginsa ya nutse jiya da yamma. Shi dai Allah ya fid da shi, amma tun da gari ya waye yake nutso yana nema. An yi an yi ya bari, ya ƙi. Ka zo, kai kaɗai yake jin maganarka."

Wannan kam kara ta yi mini. Ƙanena bai taɓa jin maganata ba tun muna kiwon awaki.

Mu 'ya'yan manoma ne, babu masunci a kakanninmu. Ni na bar gida da ƙuruciya na bi ruwa: na yi aikin jirgi a Baga, na yi a Yeji ta ƙasar Gana, na daɗe a Kwatano, har bakin Bahar Maliya na taɓa. Shi ya zauna. Da aka tare ruwa a Zobe, sai ya koyi su a hannun Sarkawan da suka zo daga Yawuri, daga baya ya rabu da gonarsa ta gado ya mallaki jirgin katako da inji. Wannan jirgi shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Ga shi ya ba hamsin baya, shekarun da ba a sake fara komai cikin sauƙi.

Na ce wa matar ta ciro mini wata jaka da ke rataye a bayan ƙyauren ɗakinsa. Tsarabar da na taɓa kawo masa ce daga Kwatano, na'urar gano kifi. Allo ne da bai fi tafin hannu biyu ba, sai wata baƙar aba kamar rabin sabulu a bakin doguwar waya. Ita ake nutsarwa a ruwa, ta aika sauti ƙasa, ya bugi abin da ya tarar ya dawo, allon ya zana. Masuntan Kwatano suna ce mata sonda, ni kuwa ido nake ce mata. Ranar da na ba shi dariya ya yi, ya ce, "Yaya, kifin Zobe bai iya Faransanci ba." Tun ranar take rataye.

Na shiga mota zuwa Dutsin-Ma, na karɓi jakar, na ari batirin babur a wurin wani maƙwabcinsu, ɗan acaɓa ya kai ni bakin ruwa da hantsi.

Na same shi zaune a kan dutse, jikinsa na ɗiga, idanunsa sun yi ja kamar gauta. Da na yi masa jaje sai ya juyo mini da kunnen dama, na lura yana dafe na hagu. Iskar farkon damina ce ta same shi yana jawo koma cike, jirgin ya sha ruwa, nauyin inji da dalmar koma suka ja shi ƙasa. Shi jarkar mai ya runguma har gaɓa. Ya san wurin, a cewarsa: tsakanin wani busasshen itace da ya leƙo daga ruwa da wani farin dutse a ƙetare. Na dubi tsakanin nan. Fili ne da za a yi kasuwar Dutsin-Ma a cikinsa har a bar wurin shanu.

"Ka huta, a nemo matasa su nutsa," na ce.

"Matasa sun gwada sun gaji. In ruwan sama ya sauka yau, laka za ta binne shi. Ko in fito da shi, ko a fito da ni."

Na duba gabas. Hadari ya fara haɗa gindi, can ƙasa, baƙi ƙirin.

Sarkin Ruwa, wani tsohon Basarke wanda a hannunsa ƙanena ya koyi sana'a, ya ce mu shiga jirginsa, shi da kansa zai riƙe inji. Limamin zangon masuntan ma ya tattare rigarsa ya ce ba za a bar shi a tudu ba, ai neman abin da ya ɓata yana son addu'a. Mutum ne mai jiki, irin wanda in ya hau babur sai ka tausaya wa tayar baya. Ba wanda ya isa ya ce wa liman ya tsaya, muka ba shi wuri.

Na fito da idon da ƙusoshinsa zan kafa a katakon baya, sai Sarkin Ruwa ya riƙe mini hannu.

"Alhaji, mi za ka yi? Jirgin da ya riga ya sha ruwa ba a sa mai ƙarhe. Haka muka gada."

A Yeji na ga ana ɗaure irin wannan ido da ƙusa huɗu ba wanda ya ce uffan. A Kwatano, masu jirgin roba manna shi suke yi a ciki, ya riƙa gani ta cikin jikin jirgin, amma katako ba ya barin sautin ya wuce. Ban yi gardama ba, jirgi nasa ne. Muka samo sandar gora, na ɗaure idon a bakinta da robar tsohon tiyub, na ɗaure sandar a bayan jirgi kusa da inji.

Muna tashi allon ya cika da ɗigo-ɗigo, kamar an watsa gero a tabarma. Ba ƙasa, ba kifi, ba komai.

"To, ga Faransancin nan ya fara," in ji ƙanena, ba tare da dariya ba.

Kumfar farfela ce. Idon ba ya gani ta cikin kumfa, kamar yadda mutum ba ya gani ta cikin hayaƙi. Na sa aka tsaya, na kwance sandar na dawo da ita gefen dama, wajen tsakiyar jirgi, inda ruwa ke wucewa sumul. Na nutsar da idon kamar kamu ɗaya ƙasa da cikin jirgin, na daidaita fuskarsa ta kalli ƙasa sak, na ƙara ɗaure sandar a wuri biyu don kada ruwa ya karkatar da ita. Na roƙi Sarkin Ruwa ya rage wuta, mu tafi kamar tafiyar mai rakiyar amarya.

Sai ga ƙasan Zobe ya fito a allon. Layi mai kauri, yana hawa yana sauka. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun ana noma a wurin, ga kifaye suna wucewa kamar jinjirin wata. Zurfin ya haura gaba huɗu. Itatuwan nan su suka hana a ja ƙugiya tun farko, don duk inda aka jefa sai ta kama reshe.

Muka yi ta kai da kawowa tsakanin itacen da farin dutsen. Can sai wani tudu mai tsawo ya fara shigowa allon.

"Ga wani abu," na ce.

Kafin in rufe baki liman ya taso ya leƙo ta kafaɗata, ƙanena ya matso, Sarkin Ruwa ma ya miƙo wuya daga baya. Tudun ya ɓace. Muka juyo, muka sake bi, suna nan a kaina suna numfashi, ya sake fitowa dishi-dishi. Na jefa dutsen da muka ɗaura wa igiya. Ƙanena ya ja numfashi ya bi igiyar.

Ya fito da laka a hannu. Babu komai a wurin.

Muka sake. Tudun ya fito, aka taso, ya ɓace, ya dawo, na jefa dutse, ya nutsa. Wannan karon ya daɗe har liman ya fara salati da ƙarfi. Da ya ɓullo bai iya kama bakin jirgi ba, sai da muka jawo shi ta hammata. Jini na bin hancinsa, wani siriri kuma na fita daga kunnen hagu. Ya kwanta yana tari.

Iska ta fara kaɗawa, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Hadarin ya ci rabin sama.

"Masu ruwa ne ke wasa da mu," in ji Sarkin Ruwa a hankali. "Su nuna, su ɓoye. Abin da suka riƙe ba a ƙwata."

"Sarki, ka bar wannan magana," in ji liman. "Babu mai riƙewa sai Allah."

"Malam, kai a tudu ka san su. Ni a nan na tsufa."

Ƙanena ya tashi zaune, ya share hanci da bayan hannu. "Yaya, sake bi."

"Ba za ka ƙara nutsawa ba."

"To ka hana ni."

Na san zai yi. In na kashe na'urar ma, zai faɗa ne a makance, wanda ya fi muni. Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona, a nan ne na lura da ƙafafuna. Sun jiƙe har idon sawu. Ruwan da ke taruwa a cikin jirgi, wanda ɗazu yake kwance a tsakiya, duk ya gangaro gefena. Na ɗago na dubi sandar. Ba a tsaye take ba, ta kwanta tare da jirgin.

Duk sanda na ce ga wani abu, mutum uku ke tasowa gefen dama, cikinsu har da liman. Jirgin ya karkata, idon ya daina kallon ƙasa ya koma kallon gefe. Abin da yake nuna mana yana can nesa da mu, ni kuwa ina sakin dutse a ƙarƙashinmu. Wurin da babu komai muke ta aika mutumin nan.

Gane abin bai yi wuya kamar faɗarsa ba. A jirgin da na yi aiki a Bahar Maliya, kyaftin tsawa ɗaya zai yi kowa ya koma wurinsa, ko da uban mai jirgin ne. A nan kuwa ta yaya zan dubi limamin zango, a gaban mutane, in ce masa nauyinsa ne ke neman kashe ƙanena? Ko in ce wa Sarkin Ruwa ya daina leƙe a cikin jirginsa?

Na ɗauki ƙwaryar da ake kwalfe ruwa da ita, na cika ta rabi.

"Allah ya gafarta Malam, wata alfarma nake nema. Wannan aikin sai mai natsuwa. Ka zauna nan tsakiya, a ƙasa, ka aje ƙwaryar nan a gabanka. Idon nan ba ya faɗin gaskiya sai ruwan ƙwaryar ya kwanta daidai. In ka ga ya karkata, ko wane ne ya motsa, ka tsawata masa."

Liman ya dubi ƙwaryar, ya dubi ruwan da ke ƙafafuna, ya dube ni. Malami ne, ba a yi masa bayani sau biyu.

"Wato ni ne masu ruwan," ya ce.

Sarkin Ruwa ya kawar da kai yana gyaran murya. Liman ya tattara riga ya zauna daram a tsakiya, jirgin ya daidaita kamar an aza shi a kan daɓe.

"Sarki, koma wurinka. Kai kuma," ya nuna ƙanena, "matsa hagu kaɗan. Ya isa. Wanda ya ƙara motsi ni da shi ne."

Na juya allon yadda ni kaɗai ke gani, na sa hulata na kare shi daga yayyafin da ya fara. Muka koma bakin itacen muka taho a hankali. Igiyar ruwa ta fara dukan jirgin, liman yana ta "dama kaɗan, hagu kaɗan" kamar mai daidaita sahu. Bi na farko ba komai. Muka matsa gefe muka sake. Walƙiya ta keta gabas.

Sai ga shi. Dogo, kwance, gefe ɗaya ya yi kauri ya yi duhu fiye da sauran, yadda ƙarfe ke fitowa. Wannan karon ban ce ga wani abu ba. Na bari ya cika allon, na ɗaga wa Sarkin Ruwa hannu ya kashe wuta, na saki dutsen ta gefen sandar. Igiyar ta yi ta zarya a tafina, sannan na ji ƙwas. Laka ba ta amsawa haka.

Ƙanena ya ga fuskata, ya miƙe.

"Zauna!" in ji liman. "Sai an ɗaura maka igiya a ƙugu. Kuma ta baya za ka sauka, kada ka kifar mini da ƙwarya."

Abin da ban isa in sa shi ba, liman ya sa shi. Na ɗaura masa igiyar da hannuna, na ba shi bakin wata mai kauri da zai ɗaure jirgin da ita. Na ce masa in na ga ya daɗe zan jawo shi, ko ya gama ko bai gama ba. Ya sulale cikin ruwa.

Ruwan sama ya sauko gaba ɗaya. Igiyar tana tafiya a hannuna, ta tsaya. Na ji tana ɗan motsi, sannan ta yi shiru. Liman ya bar ƙwaryar yana karanta abin da ya sawwaƙa. Na fara ja.

"Dakata, Alhaji," in ji Sarkin Ruwa. "Ƙulli yake yi."

Na dakata gwargwadon abin da zuciyata ta iya, sannan na ja da ƙarfina duka, Sarkin Ruwa ya kama mini. Ya taso da nauyi kamar buhu. Sanda kansa ya ɓullo bakinsa a buɗe yake, ba sauti, sai da liman ya bubbuga masa baya ya amayar da ruwa. Hannunsa na dama a dunƙule. Da muka buɗe, guntun komarsa ne, da dalma biyu a jiki. Na ja igiya mai kaurin, na ji ta kafe.

Muka ɗaura mata jarka muka bar ta tana rawa a kan ruwa, muka gudu gaɓa, liman na kwalfe ruwa da ƙwaryar tasa.

Washegari masunta suka taru da jirage da gangunan ƙarfe suka ɗago jirgin. Injin ya sha wanki da kananzir a wurin wani makanike a Dutsin-Ma, ya yi ta tari kafin ya tashi, amma ya tashi. Kunnen hagu ne bai dawo ba.

Yanzu in na je Zobe ina ganin sandar gora ɗaure a gefen jirginsa da robar tiyub, don shi ma ba ya sa wa jirgi ƙusa. Na taɓa tambayarsa ko kifin Zobe ya koyi Faransanci. Ya gyara zama, ya juyo mini da kunnen hagu, ya ci gaba da ɗinkin komarsa.