Sitiroberin Maman Lucy a Fadan Kagoma

A Fadan Kagoma in ka ce Asibi, sai a tsaya ana tunanin wacce kake nufi. Amma in ka ce Maman Lucy, matar Malam Christopher, ko ɗan acaɓa zai kai ka ƙofar gidanta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tafiyarta da sauri kamar wadda aka aika, muryarta kuma da ƙarfi, har baƙo ya ɗauka faɗa take yi alhali gaisuwa ce. Mijinta ya koyar a firamare shekara talatin da biyar kafin ya yi ritaya. Ita a aji huɗu ta tsaya, amma a kan citta babu wanda zai koya mata komai. Da citta ta yi wa 'ya'yanta huɗu makaranta, da ita ta canza rufin gidansu.

Sai ga shekarar da citta ta ruɓe. A watan Yuli ganye ya fara yin rawaya, kafin Agusta ya ƙare gonarta ta kwanta gaba ɗaya. Ta tona da hannu, abin da ta ciro ya narke mata a tafi, ga wari. Haka ta faru da kusan kowa, daga Kagoma har Kwoi da Kaciya. Asibi ba ta yi kuka a gaban mutane ba, amma ta yi sati biyu ba ta je taron zumuntar mata a coci ba, ita da take riƙe musu ganga.

A watan Oktoba Lucy, babbar 'yarta da ke aure a Vom, ta haihu, Asibi ta tafi yi mata wankan jego. Zama wuri ɗaya ba halinta ba ne. Da ta gama wanke jariri da safe, sai ta leƙa bayan gida, inda maƙwabciyar Lucy, wata mata mai suna Regina, take da lambu. Kunya-kunya ne a jere, an shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa, ga wasu gajerun tsirrai masu ganye uku-uku. Ba wanda ya sa ta, ta durƙusa ta fara cire ciyawa.

"Wannan mene ne kuke wahala a kai haka?" ta tambaya.

Regina ta ɗaga ganye, ta tsinko wani jan abu mai ɗigo-ɗigo a jiki ta miƙa mata. "Sitiroberi ne, Mama. Ki ɗanɗana."

Asibi ta tauna. Zaƙi ne da ɗan tsami, ga ƙanshi da ya hau mata har hanci. Ta ce, "Ki ba ni iri in kai gida."

Regina ta yi dariya. "Garinku da zafi, Mama. Wannan iri mai aure ne, an haɗa kala biyu ne aka samo shi, an ce yana ɗan jure zafi. Amma ban taɓa jin ya yi a wajen Kafanchan ba."

"Kin taɓa jin wanda ya gwada?"

"A'a."

"To ki ba ni."

Ranar da za ta koma, Regina ta cire mata dashe ashirin da ƙasarsu. Asibi ta jera su a baho, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Direba ya ce a sa a but ɗin mota, ta ce ko kusa. A cinya ta riƙe bahon tun daga Vom, ta Manchok da Kagoro, har tashar Kafanchan, daga nan ta sake mota zuwa gida.

Malam Christopher yana zaune a baranda da rediyonsa ta shigo. Ya tambayi lafiyar jika, sannan ya ɗaga buhun ya duba ta saman tabarau.

"Maman Lucy, wannan ai abin Jos ne. Ko dankalin Turawa bai yarda da mu ba, balle wannan."

"Baban Lucy, ni dai ka ara mini wajen bakin rijiya."

Washegari ta tuge tattasai da yakuwar da ke wurin, ta yi kunya biyu, ta zuba ruɓaɓɓen kashin kaji. Sai dai hannun mai citta ne. Ta tura dashen can cikin ƙasa, ta lulluɓe shi da ganye mai kauri, yadda ta saba yi wa citta shekara talatin. Kafin sati biyu, tara sun yi baƙi sun mutu. Ta karɓi wayar Malam ta kira Regina ta bidiyo, ta juya mata wayar kan kunyar.

"Kai, Mama! Kin binne musu wuya!" in ji Regina. "Wurin da ganye ke fitowa, dole ya zauna a saman ƙasa yana shan iska. Saiwa kaɗai ake binnewa."

"Ai ba ki faɗa mini ba."

"Na faɗa miki, kina ta sauri kada mota ta tashi."

Asibi ta kashe wayar. Ta ɗauko cokalin cin abinci ta bi sauran goma sha ɗayan, tana yaye musu ƙasa a hankali har wuyan kowanne ya fito. Ta kwashe ganyen da ta lulluɓa, ta samo karan acca daga gonar ƙanen mijinta ta shimfiɗa a gefe-gefe, don ƙasa ta riƙe laima kuma 'ya'yan kada su kwanta a taɓo. Safe da yamma tana jan ruwa a rijiya, tana zubawa a gindi, ba ta bari ya taɓa ganye.

Ana gobe Kirsimeti fararen furanni suka buɗe. A watan Janairu 'ya'ya suka fara ja, amma ba ita ta fara ci ba. Tsuntsaye da ƙadangaru sun riga ta, duk wanda ya nuna sai ta tarar an huda shi. Ta shiga ɗaki ta ciro tsohon gidan sauro, ta kafa sanduna ta rufe kunyoyin, ta danne bakinsa da duwatsu. Kwana huɗu bayan haka ta tsinki guda ɗaya lafiyayye, ta raba shi biyu da wuƙa, ta kai wa Malam rabi a baranda.

Ya tauna, ya ɗan yamutsa fuska. "Da tsami-tsami," ya ce. Amma da gari ya waye, ta fito ta tarar ya riga ya cika mata duro da ruwa.

Daga nan Malam ya shiga harkar da irin nasa ilimin. Ya lura ɗigo-ɗigon jikin ɗan itacen ƙwayar iri ne, ya ce maimakon jiran dashe, a shuka su a samu ɗaruruwa. Asibi ta ce Regina ta gaya mata iri mai aure ba ya haifar kamarsa ta ƙwaya. Malam ya ce sai ya gani da idonsa. Ya kankare ƙwayoyin da reza, ya shanya a takarda, ya shuka a tsohon faranti. 'Yan kaɗan suka fito, ya yi ta lallaɓa su, har da rubuta kwanan wata a jikin sanda. Sai shekara ta zagayo suka yi 'ya'ya, ƙanana kamar gyaɗa, wani fari-fari, wani tsami kamar tsamiya. Malam ya ce aƙalla yanzu an tabbatar, ya tuge su da kansa.

Babbar jarrabawar kuwa tun a watan Maris na shekarar farko ta zo. Rana ta buɗe, ganye ya fara ƙonewa daga baki-baki, rijiya ta ja baya har guga na taɓo ƙasa. Matan da ke wucewa suka fara yi mata jaje tun abin bai mutu ba. Asibi ta cire tsirran ɗaya bayan ɗaya, ta mai da su cikin buhunan shinkafa da ta cika da ƙasa, ta jere su a ƙarƙashin mangwaron gidan, ta yi musu rumfa da ganyen kwakwa ta gefen da rana ke faɗuwa. Ruwa kuwa daga rafi take ɗaukowa a ka, sawu uku kafin rana ta yi zafi. Uku suka tafi duk da haka. Takwas suka ga ruwan farko na Afrilu.

Da damina ta zauna, sai kowane tsiro ya fara miƙa wata siririyar igiya a ƙasa, a bakinta ɗan ƙaramin tsiro. Wannan karon ta kira Regina tun kafin ta taɓa komai, kuma ta saurara har ƙarshe. Ta bi shaguna tana tara ledar fiya wata, ta huda gindin kowace, ta cika da ƙasa, ta dinga kwantar da ƙananan a ciki tana danne su da tsinken tsintsiya. In sun kama saiwa ta yanke igiyar. Ruwan Agusta ya so ya ruɓar mata da su, ta ɗora ledojin a kan benci a ƙarƙashin rufi, duk ganyen da ya yi tabo ta cire ta ƙona. Da Oktoba ta zo, dashenta ya haura ɗari da hamsin, har ta cinye wurin da Malam ke ajiye babur.

A watan Disamba ta cika roba biyu ta nufi kasuwar Kafanchan, wajen Hajiya A'i mai kayan marmari. Tun kakanni gidan su Hajiya suke ciniki a kasuwar, kuma ita ce ke sayen mangwaro da lemun gidan Asibi duk shekara. Hajiya ta buɗe robar, ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Maman Lucy, yaushe kika fara sarin kayan Jos?"

"Ba na Jos ba ne, Hajiya. Na bayan gidana ne. Yau da safe na tsinka."

"Haba dai. A Kagoma?"

"Ki zo ki gani. Ai kin san gidan."

Ranar Alhamis kuwa sai ga Hajiya A'i a kan acaɓa. Ta tattare mayafinta ta durƙusa a bakin kunya, ta ɗaga gidan sauron, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah," ta ce. "Wanda nake sa a kawo mini daga Jos, kafin ya iso rabi ya dame a hanya."

"Nawa bai kai na Jos girma ba," in ji Asibi. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Kuma daga Fabrairu ya ƙare. Amma wanda kika karɓa da safe, da safen aka tsinke shi."

Suka shirya a tsaye: Talata da Juma'a Asibi za ta ba motar farko, Hajiya ta karɓa a tasha. Masu yin kek na biki da ma'aikatan banki suka gano rumfar Hajiya, har wasu na barin lambar waya.

Ba wai sitiroberi ya maye mata gurbin citta ba, ita ma ba ta taɓa cewa haka ba. Bana ta sake saka citta kaɗan a wata gonar daban, tana duba ganyen kullum. Amma labari ya bazu a zumuntar mata, aka fara zuwa roƙon dashe. Ba ta hana kowa, sai dai tana da sharaɗi: duk mai so sai ta durƙusa a bayan gidan ta dasa ɗaya a gabanta. In ta tura shi da zurfi, Asibi ta ce, "Cire. Sake." Matar fasto sai da ta sake sau uku.

Cikin mata bakwai da suka karɓa, dashen huɗu daga cikinsu ya mutu a zafin Maris, na ɗaya kuma awaki suka cinye. Na sauran biyun ya rayu, ciki har da na Dinah, wata gwauruwa da ke zaune a hanyar Kwoi. Wata Lahadi a watan Janairu, bayan an tashi sujada, Dinah ta jawo Asibi gefe, ta kwance bakin zanenta ta fito da sitiroberi guda uku a cikin ganye.

Asibi ta ɗaga ɗaya ta duba ta gindi, inda yake da sauran fari.

"Kin yi gaggawa," ta ce. "Da kin bar shi kwana biyu."

"Tsoro na ji kada tsuntsu ya riga ni, Mama."

"Ba ki da tsohon gidan sauro?"

"Wanda nake da shi, a ciki nake kwana."

Asibi ta jefa ɗayan a baki ta tauna, ta miƙa wa matar fasto da ke tsaye kusa ɗaya, ta mayar wa Dinah na ukun. Ta ce ta biyo ta gida yanzu, akwai wani a ƙarƙashin gadon Malam.