Mai Kallon Ƙeya

Har yau mutanen layin Baba Majigi suke ce masa, ko da yake injin da ya jawo masa sunan an daɗe da sayar wa masu tsohon ƙarfe. Yanzu gyaran fanka yake yi a ƙofar gida, yana faɗa da yara masu buga masa ƙwallo cikin kayan aiki. Amma ƙuruciyarsa kaf a ɗakin inji na wata tsohuwar silima ta ƙare, wani ɗan akurki mai zafin tsiya a saman zauren kallo, da taga wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, mutumin da ya haska wa gari fina-finai tsawon rayuwarsa bai taɓa zama ya kalli ko ɗaya ba. Ido ɗaya na kan inji kada fim ya tsinke, ɗayan na leƙen ƙeyar 'yan kallo ta taga. Nan ya ƙware. In tsoro ya kama zaure, wuyoyi kan sandare, kafaɗu su ɗaga, masu tari ma su haɗiye tarinsu. In fim ya gundure su, kawuna su fara yawo kamar na kaji. Duk ranar da aka saka sabon fim, mai silimar kan hawo yana haki ya ce, "Yaya ƙeyoyi?" In Baba Majigi ya ce sun tsaya, fim ya zauna. In ya ce suna yawo, gobe a nemo wani. Wannan ne kaɗai ra'ayin da aka taɓa tambayarsa a duniya, kuma yana ji da shi ƙwarai.

Cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta ɗauko ciwon son fim. In an tashi makaranta sai ta hau wurinsa, ta kifa akwati ta tsaya a kai, ta manna fuska a tagar. Tsofaffin fina-finan nan marasa kala take so, waɗanda ba a nuna maka mai kisan, sai inuwarsa a kan bene da ƙarar takalminsa. Daga baya aka sayar da silimar aka mai da ita shagon katifa, ba wanda ya ce wa Baba Majigi ko sannu da aiki. Ita kuwa Auta ta girma, ta yi shekaru tana haɗa tallan sabulu da na man gashi, tana cizon yatsa, har Allah ya ba ta ikon yin nata fim. Labarin wata mata ce mai zaman kaɗaici a saman bene, kullum tana jin tafiyar mutum a ɗakin da aka ce mata babu kowa ciki. Da gangan ta yi shi ba kala, irin na da.

Ta zo gida da kanta ta durƙusa kusa da fankokinsa. "Baba, ranar Asabar da la'asar za a fara nunawa. Kowa zai faɗi nasa, amma ni naka nake jira."

Daɗi ya kusa kashe shi. Ya kwana biyu yana gaya wa duk wanda ya kawo gyara, har da waɗanda ba su tambaya ba. Sai dai ya fahimci maganar ta hanyar da ya saba: yarinya na son ƙwararre ya duba mata aiki.

Sabuwar silimar a saman wani katafaren kanti take, sanyi kamar cikin firij, kujeru masu laushi. Auta ta ajiye wa iyayenta wuri a tsakiya, kusa da ita. Baba Majigi ya duba ya girgiza kai. "A nan ba abin da zan gani."

Matarsa ta ja masa hannun riga. "Malam, don Allah yau ɗaya ka zauna kamar mutane."

Bai saurare ta ba. Ya haye can layin ƙarshe ya shige lungu, inda duk zauren ke ƙarƙashin idonsa. Kujerar da ke gefen Auta ta zauna ba kowa har aka tashi.

Da farko ƙeyoyi sun tsaya cak, har ya ji ƙwalla na neman zubo masa. Sai wajen tsakiya ya ga hasken waya ya tashi a gefen hagu, sannan wani a dama. Wani mai ƙiba ya saki wuya ya yi barci. Saurayi da budurwa suka haɗa kai suna raɗa. Wasu suka fita ba su dawo ba. Zuciyarsa ta yi zafi, amma bai ɗauke ido ba ko sau ɗaya. Ya riƙe kowane motsi a kansa, da inda ya faru, don kada 'yarsa ta yi asarar komai. Kusa da ƙarshe zauren ya ja numfashi gaba ɗaya, wata mata ta yi salati, ya riƙe wannan ma.

A waje kowa ya zama malami. Wani matashi na cewa, "Wannan ai fim ɗin zamanin kakana ne, ko kala babu." Wata ta ce ita kam gabanta bai daina faɗuwa ba, ƙawarta ta ce, "Ke dai faɗi gaskiya, sai da muka tsufa kafin wani abu ya faru." Wani mai tabarau, wanda da gani ka san bai taɓa ɗaukar ko hoton biki ba, yana bayanin yadda da shi ne zai gyara. Auta na tsaye tana murmushin dole, tana godiya. Da ta hango mahaifinta sai ta ratsa mutane ta zo, fuskarta ta koma ta yarinya.

"To, Baba?"

Ya gyara tsayuwa, ya fara ba da rahoto dalla-dalla. Farko lafiya lau. Daga tsakiya kawuna sun yi yawo, ɓangaren hagu ya fara lalacewa, na baya suka bi. Mai ƙiba ya yi barci. Ƙarshe ya dawo da su, amma an makara. "Da ni ne mai wurin nan," ya ce, "ba zai wuce mako ba." Bai faɗa da mugunta ba. Shi a ganinsa kyauta ce ya ba ta, mafi tsadar abin da ya mallaka.

 A hankali Auta ta ce, "Inda matar ta buɗe ƙofar ɗakin fa?"

"Wurin ne suka ja numfashi. Wurin ya yi."

"Me ta gani a ciki, Baba?"

Sai a lokacin ya tuna ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya kalli fim ɗin ba. Matarsa ta kawar da kai. Auta ta dube shi tsawon lokaci, ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba ta amsa, ta ce bari ta samo musu mota.

A hanya matarsa ba ta raga masa ba. "Masu cewa ya gundure su ai ta tara su cike da zaure. Uba ta gayyato, kai kuma ka je ka zama ma'aikaci. Shekara nawa tana yin abin nan don ka gani?"

Ya yi fushi, ya ce mata ba ta san aiki ba. Fushin ya ɗauke shi kwanaki, domin ya san gaskiya ta faɗa. Ranar da ya sauko, ya sa rigarsa mai kyau ya tafi silimar shi kaɗai, da niyyar ya zauna a layin gaba inda ba ƙeyar kowa. Mai sayar da tikiti ta duba ta ce ai an cire fim ɗin, an sa wani na faɗa da motoci. Ya tambaye ta ko ta san abin da ke bayan ƙofar nan. Ta ce ita ba ta kallon irin waɗannan.

Daga nan bakin kantin ya kira Auta. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi Mama. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce yana so ta kawo masa fim ɗin gida ya gani, ko a waya ne.

"Haba Baba, kada ka wahalar da idonka," ta ce. "Ai ka riga ka gaya min abin da kowa ya ce."

Tana zuwa gida har yanzu, tana kawo masa magani, suna hirar komai ban da wannan. Fim ɗin bai zo ba, shi ma bai ƙara roƙo ba. In maƙwabta suka tsaya suka ce, "Baba Majigi, an ce 'yarka ta yi fim, yaya yake?" sai ya sunkuyar da kai kan fankar da ke hannunsa, ya ce su tambayi waɗanda suka gani.